Ankon da Aka Ƙi a Filin Kurket

Duk wanda ya ji cewa Baji ta daina wasan kurket, abin da ke fara fitowa daga bakinsa shi ne rufin kai. Wasu su ce masu gasa ne suka hana ta shiga da ɗankwali, wasu su ce yayanta ne ya kulle ta a gida don kada maza su gan ta tana gudu. Har wata Hajiya mai sarin abaya da ke yawan zuwa ofishinmu ta taɓa ce mini, "To ai gara da ya hana ta, mace da guje-guje a fili." Babu wanda ya faɗi daidai a cikinsu. Yayan nata shi ya koya mata jifa tun tana ƙarama, shi yake kai ta fili a motar wurin aikinsu, shi yake tsayawa a rana yana yi mata tafi. Kuma ba wanda ya taɓa cewa ta cire ɗankwali. Ɗankwali ma kyauta aka raba mana. Matsalar riga ce, kuma ba gaban rigar ba, bayanta. A gabana aka yi komai, ni na riƙe almakashin, saboda haka ba na son a zo ana ba ni labarin da na fi kowa sani.

Na zo Dubai a 2017, 'yan shekaru bayan na gama sakandare, ta hannun wani ɗan kawuna da ke aiki a ofishin kago a Al Khabaisi. Aikina ɗaure kaya, ɗora su a sikeli, da sauraron 'yan kasuwa suna rantsuwa cewa buhunsu bai kai nauyin da sikelin ya nuna ba. Kwana kuma a International City, inda haya ke da sauƙi, a ɗaki ɗaya da mata da yawa, gado a kan gado. Ni ce a sama, Baji a ƙasa. 'Yar Pakistan ce, tana aiki a kantin magani kusa da tashar metro ta Al Rigga. Baji ba sunanta ba ne, a yarensu haka ake kiran babbar yaya mace, kuma duk ɗakin haka muke kiranta har da waɗanda suka girme ta. Ita kuma Kano take kirana, sunan garinmu, don sunana ya ƙi zama a bakinta. Da gutsuren Turanci da gutsuren Larabci muke magana, in ya ƙare mu ƙarasa da hannu.

A lokacin Juma'a ce ranar hutu. Bayan gidajenmu akwai wani filin yashi da ba a gina komai a kansa ba, kuma duk Juma'a maza 'yan Pakistan da Indiya da Bangladesh ke cika shi da kurket, kowane rukuni da nasa lungun. Mata sun samu wani gefe kusa da wurin ajiye motoci, inda ƙasa ta fi tauri, suna fita da sassafe kafin rana ta fara ƙona mutum. Akwai masu aikin asibiti, akwai masu aikin kanti, akwai wata malamar makaranta 'yar Sri Lanka da ita ce kyaftin. Wata Juma'a ba su cika ba, Baji ta daki ƙasan katifata da ƙafa.

"Kano, yalla, sauko. Muna neman mutum."

"Ni ba mutum ba ce yau. Barci nake."

"Ba abin da za ki yi sai tsayuwa. In ƙwallo ta zo ki kama. Ko tsayuwar ma ba ku iya ba a garinku?"

Haushin wannan maganar ya sauko da ni.

In faɗi gaskiya, kurket bai taɓa burge ni ba. Wasa ne na jira. Ɗaya ta jefo ƙwallo tana neman ta kayar da sanduna uku da aka kafa, ɗaya ta tsaya a gaban sandunan da faffaɗan katako tana tare ƙwallon, saura kuma a watsa su a fili su yi ta tsayuwa kamar masu gadin gona. Ni ba ni da haƙurin wannan. Amma ranar na ga Baji ta yi jifa, kuma wannan ya ishe ni dalilin dawowa. A ɗaki mace ce mai sanyi, mai yawan ba da haƙuri, in aka taka ta ita ke cewa a yafe mata. A fili sai ta koma can nesa, ta taho da gudu, ta ɗaga hannun hagu sama kamar za ta taɓa wani abu a can, jikinta ya lanƙwashe baya, sannan hannun dama ya zagayo ta saman kai a miƙe. Ƙwallon tanis ce kawai da aka naɗe da salatif, amma sai ka ji ƙararta a iska. Mazan da ke lungun kusa da mu sukan dakata su kalla, kuma ba kallon banza ba.

Da kayan gida take wasa, doguwar riga irin tasu mai kaiwa gwiwa da wando mai faɗi. Gyalenta kuma ta rataya shi ta kafaɗa ɗaya ta ɗaure a ƙugu. Yadin auduga ne, yana shan gumi ya yi nauyi ya manne, amma yana rufe ta, kuma ba ta taɓa tunanin abin da ke bayanta.

Abin ya fara lalacewa ne da wani wasan sada zumunci da muka yi da matan wata unguwa. Wani mai gidan abinci ya ba mu jesi kyauta don mu yi kama da ƙungiya. Jesin maza ne, ƙananan cikinsu, irin wanda ke tsayawa daidai ƙugu. In kina tsaye hannu a ƙasa ba laifi. Amma mai jifa ba ta tsayawa hannu a ƙasa. Wata daga cikinmu ta ɗauki hoton Baji ta baya daidai lokacin da ƙwallo ke barin hannunta, ƙafa ɗaya a sama, rigar ta tattare ta hau har tsakiyar gadon baya. Da kyakkyawar niyya ta ɗauka, ta sa a shafin ƙungiya tana yabonta. Kafin sati ya zagayo hoton ya isa garinsu Baji. Wani ya yanke ƙwallon da hannun, ya bar bayan kawai, yana yawo a wayoyin samarin unguwarsu.

Mahaifiyarta ta kira ta. Ina kan gadona ina ji, ko da yake ban san yaren ba. Ba faɗa tsohuwar take yi ba, muryarta a ƙasa take, kuma Baji ba ta ce komai ba sai "ji, Ammi", wato "to, Mama", daga farko har ƙarshe. Da ta ajiye wayar ta naɗe jesin ta cusa a ƙasan akwati. Juma'ar da ta biyo ta fita fili da doguwar rigarta kamar da, ta yi jifa kamar da. Na ɗauka an wuce wurin.

Sai ga gasa. Wani kamfanin kayan wasanni ya shirya gasar mata a filin gaske mai ciyawa, da ƙwallon fata, kuma aka ce wata mai horarwa daga wata babbar ƙungiya za ta zo ta zaɓi 'yan wasa. Wadda aka zaɓa za ta riƙa atisaye a fili mai ciyawa duk sati, da malami, da kaya. Baji ba ta taɓa jifa a kan ciyawa ba a rayuwarta. Tun ranar da kyaftin ta kawo labarin ta daina cin abinci sosai, tana ta juya lemo a hannu tana gwada riƙo. Duk wanda ya san kurket a ɗakinmu ya ce in za a ɗauki mutum ɗaya daga cikinmu, ita ce.

Sharaɗin gasar shi ne kowa ta sa kayan da kamfanin ya bayar. Aka kawo su a kwali. Wando, jesi mai ruwan shuɗi da ratsin lemo a ƙasa, da wani ɗankwalin wasanni mai roba, shi ma shuɗi, kowanne a ledarsa da 'yar takarda mai cewa an yi shi ne don kowace mace ta samu shiga fili. Sun yi alfahari da ɗankwalin nan sosai. Har waɗanda ba Musulmi ba an ba su. Baji ta ajiye nata gefe ba ta ko buɗe ba, ta zaro jesin ta ɗaga. Wannan karon ba na maza ba ne, na mata ne, kuma ya fi na mazan muni: an matse shi a ƙugu, ga hannu gajere, ga shi ya fi wancan gajarta. Ta sa shi a kan rigarta, ta ɗaga hannu, ya hau har haƙarƙari.

Matan sun san dabaru. Wata ta ce a maƙale jesin da wando da fil. An gwada, jifa ɗaya fil ya buɗe ya karce ta. Wata ta ce ta sa wata riga a ciki ta cusa a wando. An gwada, ta ciki ma fitowa take, ga zafi mai sa numfashi ya sarƙe. Aka nemi mafi girma a kwalin, ya yi faɗi kamar buhu amma tsawon bai ƙaru da komai ba. Baji ta cire, ta ninke, ta miƙa wa kyaftin.

"Khalas, shi ke nan. Ku je ku buga, zan zo kallo."

Ni dai raina ya ɓaci, don ban ga abin wahala a nan ba. A garinmu in za a yi biki ana fitar da anko. Yadi ɗaya ake zaɓa, kowa ta saya, kowa ta kai wa telanta. Mai son doguwar riga ta yi, mai son riga da zani ta yi, tsohuwa ta yi buba, budurwa ta yi matsattse. Ranar biki in kika hango su daga nesa kin san 'yan gida ɗaya ne, kuma ba wadda za ta ce wa wata ɗinkinki ya fi nawa tsawo, fita daga hoto. Abin da ke haɗa mutane yadi ne, ba yanka ba. Da wannan na girma, kuma a kaina jesi anko ne kawai na masu gudu.

Na ce mata, "Baji, ke wani lokacin kamar ba ki da kai. Yadin ne suke so a gani. Ba ni naki, ga nawa, in haɗa miki ɗaya mai tsawo."

"Ke kuma ki sa me?"

"Ni da aka rubuta a 'yan jira? Ruwa zan raba. Ruwa ba ya tambayar riga."

"Kin iya ɗinki ne ma?"

"Shekara biyu na yi a shagon innata ina ɗinka wa matan da suka fi ki rigima."

Ta dube ni, ta dubi jesin. "In kika ɓata, Kano, kin ɓata biyu."

"In na ɓata ki kai ni ƙara garinku."

Akwai wani tela ɗan Bangladesh a ƙasan gidanmu mai gyaran wanduna, shi ya bar mini kekensa ranar Asabar da rana. Na sa Baji ta tsaya, na ce ta ɗaga hannu yadda take yi in za ta saki ƙwallo, ta lanƙwasa baya, a haka na auna ta. Na yanke jesina daga ƙirji zuwa ƙasa na jona a ƙasan nata, ya sauko tsakiyar cinya. Na tsaga gefe biyu don ƙafa ta samu hanya. Ragowar na ƙara wa hannuwa har wuyan hannu, na sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a kowace hammata yadda hannu zai tashi ba tare da ya ja jikin rigar ba. Yadin mai santsi ne, yana gudu a ƙarƙashin allura, na farke na sake har na fara zagin keken mutumin da Hausa. Amma ya fito. Abin da kawai ya bambanta shi ne ratsin lemon ya zama biyu, ɗaya a ƙugu ɗaya a cinya. Ni a idona ma kyau ya ƙara.

Ta gwada shi a filin yashi Juma'ar da ta rage kafin gasa. Ta yi jifar farko a hankali, ta juyo tana tambayata da ido. Na ce ban ga komai ba. Ta yi ta biyu da ƙarfi. Ta uku ta tumɓuke sandar tsakiya ta yi jifa da ita can. Yayanta yana jingine da mota ya sa yatsu a baki ya yi fito. Ta zo ta kama kumatuna biyu da hannunta mai yashi ta ce, "Kano, habibti, ashe kina da amfani." Wannan ce Juma'a mafi daɗi da na yi a ƙasar nan, kuma ba ta da ta biyu.

Ranar gasa muka shiga motar yayanta da sassafe. Filin ya yi kore har yana ɗaukar ido. Baji ta durƙusa ta shafa ciyawar da tafin hannu. A bakin ƙofa an kafa wani ƙaton allo mai hoton wata kyakkyawar mace fara, sanye da jesin da ɗankwalin, tana murmushi da katako a kafaɗa. Kyaftin ta kalla ta yi tsaki, ta ce wannan ko riƙon katako ba ta iya ba, hannayenta a juye suke. Ba ɗaya daga cikin matan da suka zo wasa da ta yi kama da ita. Namu baƙaƙe ne da rana ta dafa, masu kaushin hannu, wasu sun haihu, wasu daga aikin dare suka wuce kai tsaye.

Ana jera mu don duba kaya sai wata mata daga masu shirya gasar ta tsaya a gaban Baji. Ita ma daga can yankinsu Baji take, ta girme mu, tana da ladabi, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don da ta yi rashin kunya da na san yadda zan yi da ita.

"Wannan ba kayanmu ba ne," in ji ta.

Na shiga gaba. "Naku ne. Biyu ne ma. Taɓa ki ji."

"An canza shi."

"An ƙara masa tsawo. Launi ɗaya, yadi ɗaya, ga sunan kamfaninku a ƙirji ba wanda ya taɓa shi."

"'Yar'uwa, ke ce wa?"

"Ni ce telar."

Ta yi ɗan murmushi. Ta ce ta fahimta, wallahi ta fahimta, ita ma tana da 'ya'ya mata. Amma za a ɗauki wasan a bidiyo, kuma yarjejeniyar ita ce kowace 'yar wasa ta fito da rigar yadda aka yi ta, don rigar ake tallatawa. In aka ga mai ratsi biyu mutane za su nema a kanti, kuma babu ita. Sai ta nuna ɗankwalin da ke kan Baji ta ce ai saboda irin wannan damuwar aka yi shi.

Na ce, "Kanta ne ke buɗewa in ta yi jifa?"



Na yi mata bayanin anko. Ina tsaye a bakin fili a Dubai, da Turancin da bai ishe ni ba, ina gaya wa matar nan yadda ake biki a garinmu, yadi ɗaya ɗinki daban-daban. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce al'ada ce mai kyau. Sannan ta duba agogo ta ce ko dai Baji ta sa irin na kowa, ko a sa wata a madadinta.

Kyaftin ta roƙa. Yayan Baji ya zo bakin igiya yana magana da yarensu, hannu a ƙirji, aka ce masa maza ba sa shiga nan. Wasu 'yan ƙungiyarmu suka ce mu fasa wasan gaba ɗaya, amma a bakinsu kawai, don kowa ta nemi hutu da ƙyar ta zo. Ni na so mu fasa. Na faɗa da ƙarfi. Baji ta riƙe mini hannu ta ce, "Bas, Kano. Ya isa." Ta hango mai horarwar a zaune ƙarƙashin rumfa da hular rana. Ta karɓi jesin wata 'yar jira, ta shiga ɗakin canza kaya. Da ta fito ta miƙo mini wanda na ɗinka a ninke.

Ba na son tuna abin da ya biyo baya, amma shi ne labarin. Aka ba ta ƙwallo, ƙwallon fata ja da ta daɗe tana mafarkinta. Ta koma nesa, ta taho da gudu kamar kullum. Daidai inda hannun hagu zai tashi sama, sai ya sauka ya kama bakin rigar ta baya. Ban jin ta san ta yi. Akwai masu kyamara a gefe biyu, akwai wayoyi a ɗage a wajen igiya. Mai jifa da hannun hagu take saita jikinta, in babu shi ba ta da ƙarfi ba ta da saiti. Ƙwallon ta tafi can gefe, alƙaliya ta miƙa hannu alamar ba ta ƙirgu ba. Ta biyu ta zo a sanyaye, mai bugu ta ɗaga ta har wajen fili. Kyaftin ta ruga ta yi mata magana a kunne, ta gyaɗa kai. Ta sake tahowa, na ga tana ƙoƙarin ɗaga hannun, ya kai kafaɗa, ya koma ya kama rigar.

Ina bakin layi da robar ruwa ina cewa, "Saki rigar, Baji, saki," da Hausa, kamar za ta ji. Da ta gama zagayen jifarta na biyu kyaftin ta karɓi ƙwallon ta ba wata, ta tura Baji can ƙarshen fili inda ake tura irina. Ta tsaya a wurin har aka tashi, bayanta a jikin allon talla. Mai horarwar ta ɗauki mata biyu daga wata ƙungiya. Ba na jin ta san cewa ba ta ga jifar Baji ba ko sau ɗaya.

A mota yayanta ya tambaya ko za mu sha shayi, muka ce a'a. Bayan 'yan kwanaki hotunan gasar suka fito. Akwai hoton ƙungiyarmu, kowa da ɗankwali shuɗi, ana murmushi, an rubuta a ƙasa cewa yanzu ba abin da zai hana mace shiga fili. Baji tana layin baya, hannunta ɗaya a bayanta.

Na ɗauka za ta koma filin yashi, tunda can ba mai hana ta doguwar riga. Ta je sau ɗaya. Da rigar gida, mai kaiwa gwiwa, wadda ba ta taɓa buɗewa ba, hannun ya sake sauka ya kama baya. Ta tsaya ta kalli hannun kamar na wani ne. Daga nan duk Juma'a sai ta ce tana da wanki, ko kanta na ciwo, daga baya ma ta nemi a riƙa sa ta aiki ranar. Na yi mata masifa, na yi lallashi, lallashin ma nawa kamar masifa yake fita. Wata rana ta ce mini, "Kano, ke komai kina ganin almakashi zai gyara shi." Ban sake tayar da maganar ba.

A nan ne mutane suka fara ƙirƙirar nasu dalilin. Yayanta ya ji ana cewa shi ya hana ta, bai musa wa kowa ba, ya daina zuwa filin shi ma.

Sai korona ta zo a 2020. Aka rufe gari, filin yashi ya zama na kyanwoyi. Kago ya tsaya, muka zauna a ɗaki muna shaƙar numfashin juna. Baji ce kaɗai ke fita don kantin magani bai rufe ba, ta dawo da shatin takunkumi a fuska. Yayanta ya rasa aikinsa, bizarsa ta kusa ƙarewa, mahaifiyarsu kuma ba lafiya. Da aka buɗe hanya suka tafi tare. Ta ce za ta dawo, amma ta kwashe har bokitinta. Muna gaisawa a waya jefi-jefi. Na taɓa tambayarta ko akwai mata masu kurket a garinsu, ta ce akwai 'yan makaranta, tana jin ihunsu ta bayan katanga. Ba ta ce tana leƙawa ba, ni ma ban tambaya ba. Gadon ƙasa yanzu wata 'yar Nepal ce a kai, ba ruwanta da kowa.

A ƙarshen 2021 matan suka fara komawa fili, rabinsu sababbi. Kyaftin tana nan, gashinta ya ƙara fari. Cikin sababbin akwai wata yarinya 'yar Bangladesh mai aikin shara a wani otal, doguwa, jifarta ba ta kai ta Baji ba amma tana kan hanya. Juma'ar da ta wuce kyaftin ta ce wani mai kantin waya ya yi alkawarin buga mana jesi da sunan kantinsa, tana tambayar kowa girmanta. Na ga yarinyar ta sa hannu ta ja bakin rigarta ƙasa tun kafin a zo kanta.

Na ce wa kyaftin ta dakata, kada ta karɓi riga ko ɗaya daga hannun kowa. Ta ce to me za mu sa. Na ce ta gaya wa mutumin in yana son sunansa a ƙirjinmu, yadi zai ba mu, ba ɗinkakke ba. Na riga na ga irin yadin a babbar kasuwar 'yan China da ke kusa da mu, a naɗe a sanda, launi kala-kala. Asabar mai zuwa zan je da kyaftin mu zaɓi ɗaya, kowa ta faɗi tsawon da take so, mai son gajere ma a yi mata gajerenta. Telan ƙasan gidanmu ya ce zai bar mini keken in na daina zaginsa. In wata gasar ta zo suka ce sai nasu kayan, za mu je duka da namu, ba mutum ɗaya da za a ware a tsaya a gabanta. Ko su bar mu mu shiga a haka, ko su buga da matar da ke jikin allo. Da 'yar Bangladesh ɗin zan fara awo.